Bayan cin kifi sukumbiya fuskata ta ɗau zafi, wai histamin ne? Dan Allah masu sani

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wurin masu sani, musamman in akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. Ranar Alhamis da ta wuce da yamma maigida ya shigo da kifi sukumbiya manya guda huɗu, irin na ƙanƙarar nan, ya ce a bakin titi ya saya wurin masu tire da yake za su tashi sun yi masa ragi. Na lura ya saki ba sauran ƙanƙara a jikinsa amma wlh ko kaɗan ba ya wari, na wanke shi da lemon tsami na sa a firiza, to unguwarmu kwana biyu kenan ba wuta, firizar sai ɗan sanyi-sanyi kamar na randa. Sai washegari bayan an sauko Juma'a na soya shi, kuma ya soyu sosai har ya yi ja, na yi jajjage na zuba muka ci da shinkafa.

Tun ina ci na ji wani yaji-yaji a harshena kamar na tauna masoro, alhali attarugu biyu kacal na sa saboda yara. Ko kwanuka ban gama kwashewa ba, ba a fi minti 20 ba, fuskata ta ɗau zafi kamar na leƙa murhu, da yake ina da ɗan haske ƙanwar maigida da ke zaune wurinmu ta ce Anti kin ga fuskarki kuwa, ashe ta yi jawur har wuya da ƙirji. Kai ya fara sarawa, zuciya na bugawa fat fat fat, ciki ya murɗa. Kafin in ce me ke faruwa ita ma ta fara, shi ma maigidan ciwon kai ya kama shi ya yi ta zaryar banɗaki. Yaran su biyu ba sa cin kifi saboda ƙaya, na ɗibar musu miya tun kafin in zuba kifin na soya musu ƙwai, su lafiyarsu lau. Aka sayo mana Piriton a kemis muka sha muka yi ta barci, da safe kamar ba a yi ba sai ɗan nauyin kai.

To da na shiga intanet ina bincike sai na ci karo da wani abu wai shi histamin, wai akwai abincin da yake da shi da yawa, kuma jerin ya tayar min da hankali, kifi, tumatir, alayyahu, yalo, piya, nono, duk abin da aka tsima ko ya kwana, wani ma ya sa har da lemo da ayaba. To jama'a in an cire tumatir da daddawa da nono me ya rage a tukunyar Bahaushe? Kuma ni dama tun ina budurwa nakan yi borin jini jefi-jefi. Shin alajin kifi ne ya same ni da girmana, ko wannan histamin ɗin ne jikina ba ya so, in daina cin duk waɗannan? Kwana biyar kenan farar shinkafa da mai da gishiri nake ci saboda tsoro. Ngd.

Hajiya_Inna:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar nan, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ai borin jini ne, jininki ne bai karɓi kifin ba, haka ƙanwata take ko ƙamshin suyarsa ta ji sai ta farfashe. Ki haƙura da kifi kawai ki huta, amma ki koma cin abincinki, mai shayarwa ko mai aikin gida ba ta rayuwa da farar shinkafa.

Famasis_Zariya:
Wa alaikumus salam. Hajiya Inna Allah ya ƙara girma, maganarki ta ta koma cin abinci gaskiya ce, amma a yi min afuwa a kan na farkon, abin ƙanwarki daban da na Maman Sadiq. Ni aikina harhaɗa magunguna, ba likita ba ne kuma ban duba ki ba, amma labarin nan yadda kika zayyana shi ya yi kama sosai da abin da ake kira gubar sukomburoid, sunan ma daga dangin kifin aka samo shi, Scombridae, dangin su sukumbiya da tuna. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ku uku kuka ci ku uku kuka kwanta, waɗanda ba su ci ba ba abin da ya same su. Alaji ba ya kama mutum uku rana ɗaya a faranti ɗaya.

Ga yadda abin yake. Naman irin waɗannan kifayen teku masu duhun tsoka, sukumbiya, tuna, sadin, shawa, yana ɗauke da wani sinadari da yawa mai suna histidin, shi kansa ba ya cutarwa. To da zarar kifi ya mutu ya zauna a ɗumi, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanjinsa da ƙarƙashin kunnensa su suke juya histidin ɗin ya koma histamin, kuma suna son zafi, a irin zafinmu na Maris da Afrilu da ake kaiwa digiri 40 'yan awanni sun ishe su. Sanyin da ke taka musu birki shi ne digiri 4 ko ƙasa da haka, wato firji mai aiki da gaske ba mai sanyin randa ba. Abin da mutane ba su sani ba kuma shi ne babbar matsalar, in histamin ya riga ya taru, suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi, banda ba ta kashe shi, mayar da shi ƙanƙara ma ba ya cire shi, hatta na gwangwani in da lalataccen kifi aka yi shi yana nan ciki. Wuta tana kashe ƙwayar cutar ne amma abin da ta riga ta zuba yana nan daram. Kuma ba dole kifin ya yi wari ba, shi ya sa hancinki bai gaya miki komai ba, lemon tsamin ma ƙarni kawai ya rage. Wannan yajin da kika ji a harshe kuwa sananniyar alama ce, da yawa masu irin wannan suna faɗinsa.

A Tarayyar Turai ma doka ce, ana ɗibar samfuri tara daga kayan kifi a auna, matsakaicin histamin ɗin da aka samu a cikinsu kar ya wuce miligiram 100 a kilo ɗaya, kuma ko ɗaya kar ya haura 200. Wanda ke kwantar da mutane yawanci ya wuce 200 ɗin, sau da yawa ma ya haura 500.

Shi histamin ɗin fa ba baƙo ba ne a jikinmu, jiki da kansa yana yin sa, shi ke sa ƙaiƙayi da kumburi in sauro ya cije ki, yana cikin masu sa ciki ya fitar da ruwan narka abinci, a ƙwaƙwalwa kuma yana cikin masu riƙe mutum a farke, dalilin da ya sa Piriton ta sa ku barci kenan da ta toshe shi. A hanjin kowa akwai wani sinadari da ake kira DAO da aikinsa farfasa histamin ɗin da ya shigo ta abinci, ɗan kaɗan da ke cikin tumatir ko nono ba ya gagarar sa, amma in aka zubo masa na lalataccen kifi gaba ɗaya sai ya fi ƙarfinsa ya tsallaka cikin jini, kowane ne kuwa, ko ƙato mai lafiya. Don haka abu uku ne ake cakuɗawa: gubar kifin da ya ɗumama wadda ke iya samun kowa, alajin kifi na gaske wanda shi ko sabon kamu ne sai ya tashi kuma duk sanda aka ci, irin na ƙanwar Hajiya, sai na ukun rashin jurewar histamin, mutanen da ɗan kaɗan ma ke damunsu. Naki a ganina na farkon ne.

Dan_Kasuwar_Kifi:
Malam famasis Allah ya saka da alheri, bari ni ma in sa baki don shekarata 11 a harkar nan, na yi aikin ɗakin sanyi yanzu ina da teburina. Maman Sadiq sukumbiyar da kike gani daga ƙasashen waje take zuwa, irin su Nowe da Holan, a daskare, ta sauka Legas a loda ta a mota mai sanyi a yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Arewa, ana so ta zauna a digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har ɗakin sanyi. In komai ya tafi daidai katan ɗin in ka buɗe kifin a miƙe yake, tauri kamar itace, in ka buga biyu sai ka ji ƙwas, bayansa na sheƙi da zanen nan shuɗi-shuɗi. Amma in mota ta lalace a hanya ko an kashe inji da dare saboda tsadar dizal, kaya ya narke aka sake daskarar da shi, za ka gane, kwalin ya jiƙe ya yi tabon jini, kifin ya lanƙwashe ya manne da juna cikin jar ƙanƙara, in ya saki kuma cikinsa ya yi laushi har ya fashe, ido ya faɗa, in ka ɗaga kunnen maimakon ja sai ka ga ruwan ƙasa, ka danna yatsa gurbin ya zauna bai taso ba.

Sai kuma masu tire, ba zaginsu nake ba 'yan uwanmu ne neman halak suke, amma yaro ya ɗauki kifi tun ƙarfe tara na safe yana yawo a rana yana yayyafa masa ruwa don ya yi sheƙi, wanda bai ƙare ba a mayar firiza gobe a sake fitowa da shi, wani sai ya yi kwana uku a haka, wanda ya gaji sosai kuma a soya ko a yi bandarsa a sayar da dare. Shi ya sa ragin yamma ba riba ba ce. Shawarata ki aika tun da safe a sayo miki inda za a ciro shi daga firiza a gaban ɗan aiken, mai tauri, kuma in ba ku da wuta ki sayi wanda za ki dafa a ranar kawai, ki fasa cikin ki cire hanji da kunne nan take. Ni a gidana in wuta ta yi wuya tarwaɗa mai rai nake kai musu.



Ummu_Hafsa_Jos:
'Yar uwa sannu. Ni ina cikin kashi na ukun da Malam ya faɗa, ko dai haka likitata ta fi zato bayan an gwada min abubuwa da yawa ba a ga komai ba, don haka bari in gaya miki kar ki yi kuskuren da na yi. Kusan shekara biyu ina fama da ciwon ɓarin kai da toshewar hanci da kumburin ciki da ƙaiƙayi bayan cin abinci, ni kaɗai a gidan, kowa ya ci ya tashi lafiya. Na samu irin jerin nan da kika samu na bi shi sau da ƙafa, na daina tumatir, nono, wake, kifi, lemo, ayaba, gyaɗa, har na rame zanina na zamewa, jinina ya yi ƙasa, mahaifiyata ta zo ta gan ni ta fashe da kuka ta ɗauka wani mugun ciwo ake ɓoye mata. Likitar ce ta yi min faɗa ta ce ba a zama a kan wannan ƙa'idar har abada, sati biyu zuwa huɗu ake yi a ga ko an samu sauƙi, in ba a samu ba to ba shi ba ne a nemi wani dalilin, in an samu sai a riƙa dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya ana lura.

Sai na sayi littafin 'yan makaranta na ajiye a kicin da biro ɗaure da zare, duk abin da na ci in rubuta da lokaci, da yaushe aka dafa shi, da abin da na ji bayan nan. Wata biyu ina yi sai abin ya fito fili. Ashe ba tumatirin ba ne shi kaɗai, miyar da nake yi tukunya guda ta nama da kirefish in yi ta ɗumama ta kwana uku ita ce babbar mai laifi, ranar farko lafiya, rana ta uku kai kamar zai tsage. Nono mai tsamin nan da ya kwana biyu a ƙwarya yana tayar min, amma kindirmo sabo na ranar ina sha da fura ba komai. Daddawa ɗan ƙulli ɗaya a miyar kuka ba ta taɓa yi min komai ba, sai ranar da ta haɗu da busasshen kifi da ɗumame ga rashin barci ga al'ada ta kusa, to ranar sai a hankali. Da azumi na fi shan wuya saboda abin buɗa baki shi ake ajiyewa a rufe a ɗaki har sahur, yanzu ina sauke tukunya nake raba miya a ƙananan robobi, ta huce ta wuce firiza, in ba wuta kuma in yi 'yar kaɗan ta ci ɗaya. Wani abin mamaki da na samu cikin autata abin ya ɗauke ɗif har na haihu, bayan arba'in ya fara dawowa.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum, daga Zinder nake. Ina da tambaya ga malam mai magani tunda an buɗe zancen. Babana yana shan maganin tarin fuka na wata shida, yanzu yana wata na uku, sau biyu yana cin sadin na gwangwani da burodi fuska ta yi mishi zafi da ciwon kai da bugun zuciya, mu mun ci tare ba mu ji komai ba, kuma da can yana ci lafiya. Haka ranar da aka kawo mishi cuku daga Agadas. Ko akwai alaƙa? Har ya fara cewa zai aje maganin.

Famasis_Zariya:
Malam Issoufou akwai alaƙa ƙwarai, kuma dan Allah ka roƙi Baba kar ya ajiye maganin ko na kwana ɗaya, yanke maganin tarin fuka a tsakiya shi ke haifar da wanda ba ya jin magani. Cikin magungunan akwai isoniyazid, an san shi da raunana sinadaran da ke farfasa histamin da ɗan uwansa tayiramin, shi ya sa mai shan sa ɗan abin da bai kai ya dami kowa ba shi sai ya tayar masa, kifi irin su tuna da sadin da sukumbiya da kuma cukun da ya daɗe su aka fi sani da wannan. Ya kauce musu har ya gama, kuma ku gaya wa masu ba shi maganin a zuwa na gaba ko ma kafin nan.

Ummu Hafsa abin da kika gani da ciki ba mafarki ba ne, mabiyiya tana fitar da DAO mai yawan gaske, mata da yawa suna samun sauƙi a lokacin. Kuma hanyar littafin nan da kika bi ita ce mafi inganci da ake da ita yanzu, don gwajin jini na DAO da wasu ke tallatawa ba ya tabbatar da ciwon shi kaɗai, kar kowa ya zuba kuɗinsa a kai yana zaton ya gama.

Maman Sadiq game da jerin, ki sani yawancinsu Turawa ne suka rubuta don abincinsu, tsohon cuku mai wata da watanni, giya, kabejin da aka tsima, naman da aka shanya aka tsima, kuma in kika ɗauki jeri biyar za ki ga suna saɓa wa juna. Ganyen da suke nufi wanda ake fassara mana da alayyahu ma ba alayyahunmu ba ne, wani tsiro ne daban. Lemo da ayaba kuwa ba wani histamin na kirki a cikinsu, cewa ake suna sa jiki ya saki nasa, kuma hujjar hakan ba ta da ƙarfi. Daddawa da nono tunda tsima su ake suna iya ɗaukar irin waɗannan sinadaran, yawan ya danganta da yadda aka yi su da daɗewarsu, amma kin shekara nawa kina cin su lafiya? Kifin ruwanmu kuma irin tarwaɗa da karfasa ba su cika tara shi kamar na teku ba. Borin jinin da kike yi jefi-jefi in ya zama kusan kullum har ya wuce sati shida ki je asibiti a duba, galibinsa ma ba abinci ke kawo shi ba.

Amma ga abin da ba a wasa da shi, ga kowa: in bayan cin abinci leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar ko da fito, ko jiri har mutum ya faɗi, wannan ba na kemis ba ne, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take don allurar adirenalin yake buƙata, ƙwaya ba za ta riƙe shi ba. Masu asma da masu ciwon zuciya da tsofaffi gubar kifin ma tana iya yi musu tsanani, su kar su tsaya jira a gida. Kuma wanda ya sha Piriton kar ya hau babur ko ya ja mota, wani maganin alajin mai suna loratadin ba ya sa barci kamar ita.

Maman_Sadiq:
Kai jama'a na gode Allah ya bar zumunci, wlh kun cire min wani dutse a ƙirji. Jiya na yi miyar kuka da daddawata na ci tuwo na ƙoshi, yau da rana na sha fura da nono, lafiya lau ba abin da na ji. Sauran kifin guda biyu da na soya na ajiye da nufin in yi mana faten doya na zubar, kuma ban ba almajiri ba, na tona rami na binne don kar kaji ko kyanwa su ci. Na nuna wa maigida bayanin Ɗan Kasuwa ya karanta har ƙarshe ya ce ya daina sayen na yamma. Ƙanwarsa dai har yanzu ta ce ita da sukumbiya sai a lahira, ni kuma zan bari sai an gyara mana taransifoma in aika da safe a ciro mai tauri, in fara da ɗan yanki da rana lokacin da maigida yana gida. Malam Issoufou Allah ya ba Baba lafiya. Anti Ummu Hafsa dan Allah robobin da kike raba miyar, kina bari ta huce gaba ɗaya ne kafin ki rufe ko da ɗuminta kike sawa?